Wa'adin Abin Da Aka Ajiye

A cikin manyan kantunan Wuse ta biyu da Maitama, da ɗakunan cin abinci na masaukan da baƙin ƙasashen waje ke sauka a Abuja, akwai wani sashe da Musulmi yakan wuce shi yana kawar da kai, inda aka jera kwalaben barasar inabi da aka yiwo odarsu daga Faransa da Afirka ta Kudu da sauran ƙasashe. Daga cikinsu kuwa akwai wadda ma'abota wannan sha'ani ke kira pinot noir, da sunan irin inabin da aka matso ta daga gare shi. Hukuncin shanta a wurinmu bai bar ƙofar muhawara ba, gama Alƙur'ani mai girma ya bi mas'alar daki-daki, daga aya ta 219 a Baƙara zuwa aya ta 43 a Nisa'i, har ya yanke magana a aya ta 90 da ta 91 cikin Ma'ida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kanta shi ne wata tambaya da mutanenta ke yi wa kansu duk lokacin da suka buɗe kwalba suka ɗanɗana, wato: shin wannan abu ya kai, ko da saura, in kuwa da saura, har zuwa yaushe za a ci gaba da ajiye shi? Tambayar ta girmi barasa, ta kuma fi ta daraja nesa ba kusa ba, domin malaman fiƙihu sun yi ta, matan da ke dama kunu suna yin ta kullum, kuma Allah Maɗaukaki da kansa ya ɗora ta a wuyan duk wanda aka bai wa amanar wani.

Asalin wannan inabi yankin Burgundi ne a gabashin Faransa, inda ruhubanan Nasara na gidan ibadar Sito, wanda aka kafa a shekarar 1098, suka shafe ƙarnuka suna noma shi suna lura da bambancin wannan gona da waccan. Har ta kai a shekarar 1395 sarkin yankin, Filib mai laƙabin Jarumi, ya ba da umurnin a tumɓuke wani irin inabi mai suna gamay, saboda yana ganinsa ƙasƙantacce a gaban wannan. Ɓawon pinot noir siriri ne, saboda haka ruwansa ba shi da yawan bauri, kuma ba ya jure wulaƙanci. Al'adar masu ajiye shi ita ce mutum ya sayi akwati mai kwalba 12, ya kwantar da su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu, inda sanyi yake zaune a kan digiri 12 ko 13 rani da damina, sa'an nan lokaci zuwa lokaci ya ciro guda ya buɗe, ya dubi launinta, ya shinshina, ya auna tsaminta da baurinta, daga nan ya yi ƙiyasin shekarun da suka rage wa sauran. Masanansu sun yarda da abu biyu da suka dace mu riƙe. Na farko, galibin abin da ake matsawa ba a yi shi don ajiya ba, in aka ajiye shi lalacewa zai yi, kaɗan ne ƙwarai ke ƙaruwa da daɗewa. Na biyu, wanda yake ƙaruwar ma yana da ƙololuwa, in ya kai ta sai ya fara gangarowa, kuma mai shi ba ya sanin ya wuce ta sai ranar da ya buɗe ya tarar ƙamshin ya gudu. Ashe daɗewa a kan kanta ba ta ƙara wa abu alheri. Tana fito da abin da yake cikinsa ne tun asali, daga baya kuma ta cinye shi.

To, wannan ilmin sauyawar abin sha da wucewar kwanaki yana nan a cikin littattafanmu, sai dai malamanmu sun fuskance shi ta ɗaya ɓangaren, domin su abin da suke nema su sani shi ne iyakar da halal ke ƙarewa. Ya tabbata a Sahihu Muslim, daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar, ya sha kashegari, har zuwa maraicen rana ta uku, abin da ya rage bayan haka sai ya sa a shayar da shi nan take ko a zubar. Nana A'isha kuma ta ba da labarin cewa sukan jiƙa masa da safe ya sha da dare, su jiƙa da dare ya sha da safe, a cikin salka. Lokacin da wakilan ƙabilar Abdul Ƙaisi suka zo Madina, an hana su jiƙo a cikin wasu mazubai guda huɗu, cikinsu har da duma da tulun da aka shafe da kwalta, saboda abin da aka zuba a cikinsu yakan yi saurin juyawa ba tare da mai shi ya farga ba. Kuma ko da yake hadisin Buraida ya zo da sauƙi daga baya, Imamu Malik ya ci gaba da ƙyamar jiƙo a cikin waɗannan biyun, shi ya sa duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zauren malaminsa ya gamu da wannan mas'ala, tare da hanin haɗa abu biyu a jiƙo ɗaya. Illar hukuncin kuwa ita ce sa maye. Kwana ukun nan shinge ne da aka kafa nesa da ramin, gwargwadon zafin ƙasar Hijaz.

Wanda ke son ganin wannan babi na fiƙihu yana tafiya da ƙafafunsa, sai ya tsaya a bakin kasuwar Wuse a watan Maris, lokacin da rana ke dukan Abuja kafin saukar ruwan farko, ya dubi matan da ke sayar da kunun aya da kunun zaƙi da zoɓo a cikin gorunan roba. Macen ta tashi tun kafin asuba ta kai niƙa, ta tace, ta ɗura, ta jera a kula da ƙanƙara. In an yi rashin sa'a wutar lantarki ta ɗauke daren jiya, ƙanƙarar ta yi tsada ko ta yi ƙaranci, to tun kafin la'asar hankalinta yana kan kular nan. Za ka ga ta ciro gora guda ta matsa cikinta da yatsa, domin in robar ta kumbura ta yi tauri, ta san iska ta fara taruwa a ciki. Ta murɗe murfin a hankali tana saurare, in ya yi tsaki ta dubi saman ko ya yi kumfa, ta ɗiga kaɗan a tafin hannu ta lasa. Daga nan sai hukunci: "Wannan ya juya, ba na sayar wa ɗan mutane." Ta tuttular da shi a kwata alhali kuɗin ayarta da dabinonta da niƙanta suna ciki. Ba lalle ne abin ya kai haddin maye ba, sau da yawa tsami ne kawai da zai ɓata wa mutum ciki, amma ɗabi'ar da ta nuna ita ce ainihin abin da hadisin Ibnu Abbas ke koyarwa, wato mutum ya yarda ya yi asarar abin da ke hannunsa tun yana cikin shakka, kada ya jira sai yaƙini ya same shi a cikin haram. Ina ganin irin wannan mace ta fi cancantar a girmama ta da yawa daga masu dogon bayani a kan tsentseni. Haka nan masu haɗa tsimi, na basir ko na mata, ya kamata su san cewa jiƙon da aka sa wa zuma ko mazarƙwaila ko rake aka rufe shi kwana da kwanaki a wuri mai ɗumi yana bin hanyar da ruwan inabi ke bi, kuma kiran sa magani ba ya canza abin da ya zama.

Abin mamaki kuma shi ne tafiyar ba ta tsayawa nan. Ruwan inabin da yake halal da safiyar matsarsa, ya zama haram da najasa bayan ya tafasa da kansa, in aka bar shi iska ta shige shi sai ya rikiɗe ya koma khal, wanda Annabi ya yaba da shi a matsayin mahaɗin abinci. Tulu ɗaya ne, ruwa ɗaya ne, hukunci uku. Masanin Faransa Luwi Fasto ya bayyana a wajejen 1860 cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke yin wannan aiki in sun sami iska. Amma ƙarnuka kafin shi fuƙaha'u sun riga sun sa wa abin suna istihala, sun kuma gina hukunci a kansa. Ibnu Rushdi, wanda ya rasu a shekarar 595 ta Hijira, ya kawo a cikin Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan halascin giyar da ta koma khal da kanta, sun kuma saɓa a kan wadda mutum ya juya da gangan; Hanafawa sun halatta, Shafi'awa sun hana, Shaihu Halil kuwa a Muhtasar ya lissafa ta cikin abubuwa masu tsarki. Hujjar masu hanawa hadisin Abu Ɗalha ne, wanda yake riƙe da giyar da wasu marayu suka gada, ya nemi izinin mayar da ita khal don kada dukiyarsu ta salwanta, aka ce masa a'a, ya zubar.

Wannan hadisi ya daɗe yana tsaya mini a rai, saboda ga maraya, ga dukiya, ga hanya mai sauƙi ta ceto ta, amma duk da haka ba a yarda Musulmi ya rungume haram a ɗakinsa yana jiran kwanaki su wanke masa ita ba. A birni irin Abuja wannan magana tana da nauyi na musamman. Kowa ya san akwai dukiyar da aka kwasa daga baitulmalin jama'a aka binne ta a filaye da gidaje, mai ita yana lissafin cewa in an shekara goma ko ashirin mutane za su manta, gwamnati ta canza, takardu su ɓace, 'ya'yansa su gaje ta fes. Lalle mutane suna mantawa. Amma istihala sauyawar zatin abu ce, alhali haƙƙin wani da aka danne zatinsa ba ya sauyawa. Kuɗin maganin asibiti da aka karkatar a bara, kuɗin maganin asibiti ne bayan shekara hamsin, kuma malamai ba su san wata hanyar tsarkake shi ba face mayar da shi ga masu shi.

Akwai kuma abin da gaggawa ce ke kashe shi, don kada a ɗauka ina zugawa ne a buɗe kome tun bai nuna ba. Matan Barno da na Shuwa da suka kawo sana'ar humra da turaren wuta cikin Abuja, suna sayarwa a gidaje da shagunan Wuse da Garki, sun san wannan sarai. Akan wanke farce a soya shi a daka, a haɗa da sandal da miski da madarar turare iri-iri, a ɗura a kwalba a toshe, a ajiye inda rana ba ta kai. A makon farko in ka buɗe, kowane ƙamshi yana tsaye shi kaɗai yana faɗa da ɗan'uwansa, har ya hau wa mutum kai, amma bayan makonni sai su sasanta su zama abu guda mai taushi wanda ke kama tufa ya kwana a jikinta. Uwar amaryar da ta zo ana gobe ɗaurin aure tana neman a haɗa mata sabuwa, mai sana'ar kirki takan gaya mata gaskiya: "Hajiya, wannan ba ta tsumu ba, da kin zo tun watan jiya." Sauri ya haifi nawa. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya fassara mafarkin sarkin Masar, bai tsaya ga cewa a ajiye hatsi ba, sai da ya faɗi yadda za a ajiye shi, wato a bar shi a zangarniyarsa, ya kuma faɗi wa'adin ajiyar da ranar da za a ci. Ajiyarsa tana da dabara, tana da iyaka, tana da waɗanda aka yi ta dominsu.

A nan ne mas'alar ta iso inda nake son kai ta. Aya ta 6 a cikin Suratun Nisa'i ta umurci waliyyin maraya da ya riƙa jarraba shi har ya isa aure, in ya ga alamar rushdi a tare da shi, wato hankalin riƙon dukiya, to ya miƙa masa kayansa, ya kuma kafa shaidu. Ta kuma gargaɗe shi kada ya yi rige-rigen cinye dukiyar don tsoron kada yaron ya girma. Malaman tafsiri irin su Alƙurɗubi sun bayyana yadda jarrabawar take: a danƙa wa yaron ɗan wani abu kaɗan, kamar cefanen gida na wani lokaci, a zuba ido a ga yadda zai sarrafa shi. Imamu Malik ya ce rushdi shi ne iya tattalin dukiya, Imamu Shafi'i ya ƙara da gyaruwar addini, Imamu Abu Hanifa kuwa, saboda tsananin ƙin a tauye ɗa mai 'yanci, ya ce in ya kai shekara 25 a ba shi kayansa ko da rushdin bai bayyana ba. Dubi yadda shari'a ta tsare ƙofa biyu a lokaci guda: ta hana miƙawa tun abu bai kai ba, ta kuma hana riƙewa bayan ya kai, ta sa jarrabawa a tsakani ta zama wajibi a kan mai riƙon. Waliyyin da bai taɓa gwada marayan da ke hannunsa ba, sa'an nan ya ce yaron bai yi hankali ba tukuna, ya yi hukunci ba da ilmi ba, kuma galibi son zuciya ne ke magana da bakinsa.

Laifinmu a yau ya fi yawa ta wannan ƙofa ta biyu, kuma saboda yana kama da haƙuri da natsuwa, ba a cika wa'azi a kansa ba. A kasuwar Wuse ɗin nan, ɗan kasuwa Ibo yakan ɗauki yaro bisa wa'adin shekaru da aka yanka a gaban iyayensa, in sun cika ya sallame shi da jari. A shagon da ke maƙwabtaka da shi kuwa sai ka tarar da yaron Alhaji ya shekara goma sha biyar yana buɗe shago yana rufewa, ya san kowane dillali, ya san farashin Kano da na Legas, gemunsa ya fara furfura, amma duk ranar da aka tayar da maganar sallama sai a ce masa ya ƙara haƙuri, lokaci bai yi ba. Akwai gadon da aka ƙi rabawa shekara da shekaru, babban wa yana riƙe da takardun gida, ƙannensa mata suna zaman haya a Nyanya da Mararaba. Akwai malamin da ba ya yi wa ɗalibinsa izinin karantarwa, da uban da ke mayar da manema 'yarsa ɗaya bayan ɗaya yana jiran wanda ya fi, da gidajen Asokoro da Maitama da aka gina aka kulle, maigadi kaɗai ke kwana a ƙofa, alhali ma'aikatan da ke riƙe da birnin suna fitowa daga Kubwa da Lugbe tun duhun asuba. Malaman tarbiyya suna kiran wannan taswifi, wato "sai gobe, sai baɗi", suna kuma danganta shi da dogon buri. Haƙuri jiran abin da ba ya hannunka ne. Amma jinkirta abin da ya wajaba a kanka alhali kana da iko, Annabi ya kira irinsa zalunci a game da mawadacin da ke ja wa mai binsa bashi rai. Ita kanta zakka, da take cire ɗaya cikin arba'in duk shekara daga dukiyar da ke kwance, tunatarwa ce cewa ba a halicci dukiya don kwanciya ba. Shi ya sa Sayyidina Umar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, ya yi umurni a riƙa juya dukiyar marayu a kasuwa don kada zakka ta cinye ta.

Saura abu guda da mai tauhidi ba zai bari ya wuce shi ba. Muna cewa lokaci ya gyara, lokaci ya ɓata, amma a haƙiƙa lokaci ba shi da tasiri a kan kansa, kamar yadda duk wanda ya karanta Ummul Barahin ta Shaihu Sanusi ya sani game da sabubba. Al'ada ce Allah ya gudanar, kuma yana keta ta in ya so. Aya ta 259 a Baƙara ta ba da labarin mutumin da aka matar da shi shekara 100 aka tashe shi, ya tarar da jakinsa ya zama ƙasusuwa, abincinsa da abin shansa kuwa, waɗanda a al'ada ba sa kwana uku, ba su ko sauya ba. Mutumin Burgundi yana iya ƙiyasta wa kwalbarsa shekara goma ya dace, amma ba shi da harshen da zai ɗanɗana nasa ajalin, kuma kwalabe da yawa da aka ajiye don wata babbar rana magada ne suka kai su gwanjo. Mu ma muna da namu: turaren da aka kawo daga Makka aka ɓoye a ƙasan akwati, da shaddar da ba a ɗinka ba, da alherin da aka yi niyya aka ce sai an ƙara samun hali, duk sukan fito ranar rabon gado. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Saboda haka kirana ga duk wanda ke riƙe da haƙƙin wani a ƙarƙashin sunan jiran lokaci, uban gida ne ko waliyyi ko babban wa ko malami, ya jarraba wanda yake riƙe wa a cikin wannan shekara, jarrabawa ta gaskiya a gaban mutane biyu adilai waɗanda ba sa cin abincinsa. In ya ga bai kai ba, ya gaya masa abin da ya rage, ya yanka masa wa'adi sananne da wata da rana. In kuwa ya ga ya kai, ya kira shaidu ya miƙa masa kayansa tun yana da hannun miƙawa.